Yadda Ake Ziyartar Istanbul da Jakar Goyo da Kuɗi Kaɗan, a Sauka a Masaukin Haɗaka

Kakanninmu sun san wannan birni da sunan Santambul, kuma galibin mutanenmu da ke zuwa can a yau fatauci ne yake kai su: su sauka a otal a unguwar Aksaray ko Laleli, su sari tufafi da takalma, su juyo gida ba tare da sun ga ko da gaɓar teku ba. Akwai wata hanyar ganin birnin wadda ba ta cin kuɗi sosai, ita ce ta matafiyi mai jakar goyo da ke sauka a hostal, wato masaukin da ake biyan kuɗin gado ɗaya tak a ɗakin da mutum huɗu, shida, takwas ko fiye suke kwana, ana tarayya a banɗaki da kicin da falo. Na bi wannan hanya sau da dama, kuma abin da na fahimta shi ne arahar gado rabin ribar ce kawai. Sauran rabin mutanen da za ka tarar a ciki ne.

Kayan da ake buƙata

Takardu ne a gaba. Ana buƙatar fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya ƙare, da bizar Turkiyya, da tikitin jirgi na zuwa da dawowa, da shaidar kama masauki, da inshorar lafiya ta tafiya. Ka buga kwafi biyu na kowanne a takarda, ka kuma ajiye hotunansu a waya da imel.

Jaka ta zama ta goyo mai cin kamar lita 40, wadda nauyinta da kaya ba zai wuce kilo 8 ba, domin a bar ka ka shiga da ita cikin jirgi. Akwati mai taya wahala ne a Istanbul, saboda birni ne mai tuddai da titunan da aka shimfiɗe da duwatsu, kuma yawancin masaukan haɗaka tsofaffin gine-gine ne masu ƙunƙuntar matakala, ba su da na'urar hawa bene. A cikin jakar ka sa tufafin kwana huɗu ko biyar kawai, da takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi, da silifas na shiga banɗaki, da ƙaramin tawul mai saurin bushewa, da sabulu, da ƙaramar sallaya mai naɗewa. Kada ka manta da kwaɗo ɗaya ko biyu, domin masaukai da yawa suna ba da loka amma ba sa ba da abin kulle ta. Ka haɗa da abin toshe kunne, da ƙyallen rufe ido, da ƙaramar tocila, da batirin cajin waya na tafi-da-gidanka. Soket ɗin Turkiyya mai rami biyu ne zagayayyu, saboda haka wanda ya taso daga Najeriya da caja mai ƙafa uku sai ya nemi adafta tun daga gida. Idan tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Maris, rigar sanyi mai kauri da ke tare ruwan sama wajibi ce, domin sanyin can ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba, har ƙanƙara takan sauka.

Ni kan ƙara da ƙullin yaji da ɗan garin kunu, dalili zai zo a gaba. Kilishi kuwa a bar shi a gida, saboda dokar shiga da nama ƙasar tana da tsauri. Mai shan magani kullum ya riƙe takardar likita tare da maganin a kwalinsa na asali. Kuma duk kusancinka da mutum, kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka ga abin da ke ciki da idonka ba.

Mataki na 1: Biza da lokacin tafiya

Mai fasfon Najeriya ko na Nijar yana buƙatar biza kafin ya tashi, kuma Turkiyya tana da ofishin jakadanci a Abuja da Yamai. Ka fara nema da wuri, aƙalla wata biyu kafin ranar da ka tsayar, ka bi sharuɗɗan da ofishin ya wallafa da kansa, ka guji dillalan da ke alkawarin biza cikin kwana uku. Ka kama gadon da za a iya sokewa ba tare da asara ba, don ko bizar ta yi jinkiri. Afrilu da Mayu, sai kuma Satumba da Oktoba, su ne lokutan da iska ta fi daɗi. A Yuli da Agusta zafi da cunkoso da farashin gado duk suna hawa tare.

Mataki na 2: Zaɓen unguwa da masauki

A nan ne tafiya take gyaruwa ko ta lalace, saboda haka zan ɗan tsawaita. Mashigin ruwan Bosforus ya raba Istanbul biyu, ɓangaren Turai da na Asiya, kuma masaukan haɗaka sun fi yawa a wurare uku. Sultanahmet ita ce tsohon gari, inda Aya Sofya da Masallacin Sultan Ahmet da fadar Topkapi suke. Wurin yana yin shiru da dare, masallatai suna kusa, amma abinci yana da tsada saboda kusan kowa a nan baƙo ne. Beyoglu, wato yankin Taksim da titin Istiklal da hasumiyar Galata, ita ce matattarar matasa, sai dai mashaya da gidajen kiɗa sun cika lungunanta. Kadikoy tana ɓangaren Asiya, 'yan gari sun fi baƙi yawa a cikinta, abinci ya fi sauƙi, kuma kullum kana iya hawa jirgin fito zuwa tsohon gari, abin da ni a wurina ƙarin daɗi ne. Ga mai zuwan farko ina ba da shawarar Sultanahmet ko Sirkeci da ke maƙwabtaka da ita na kwana uku, sannan ya koma Kadikoy idan yana da sauran kwanaki.

A zuwana na farko na zaɓi gado mafi araha da na gani a wani lungu na Beyoglu, ban karanta sharhin waɗanda suka riga ni sauka ba, ashe ƙasan ginin gidan kiɗa ne da ba ya tashi sai gab da asuba. Kwana biyu na yi ban runtsa yadda ya kamata ba. Tun daga nan ba na kama gado sai na karanta sharhin watanni uku na baya-bayan nan, ina neman abu huɗu: tsabtar banɗaki, ko an ambaci kuɗin cizo, ko akwai kicin da aka yarda baƙi su yi girki a ciki, da kuma irin yanayin gidan. Wasu masaukan sun ginu ne a kan shagali da shaye-shaye, kuma ba sa ɓoyewa a tallarsu. Wasu kuma na hira da shayi ne a saman rufi. Wanda ba ya shan giya zai fi sakewa a na biyun.

Ɗakuna iri biyu ne: na gauraye, inda maza da mata suke kwana ɗaki ɗaya kowa da gadonsa, da na mata zalla. 'Yar'uwa mai tafiya ita kaɗai ta tabbatar ta zaɓi na mata zalla tun wajen biyan kuɗi. Ɗakin maza zalla bai cika samuwa ba, saboda haka namijin da gaurayen bai kwanta masa ba sai ya aika wa masaukin saƙo ya tambaya, ko kuma ya haɗa kuɗi da abokin tafiya su kama ƙaramin ɗaki mai gado biyu, wanda yawancin masaukan suke da shi. Ɗaki mai gado huɗu ko shida ya fi mai goma sha biyu tsada kaɗan, amma barcin da za ka samu ya cancanci bambancin.

Wani abu da ke ba baƙi mamaki shi ne tun shekarar 2017 ba a iya kama masaukin Turkiyya ta Booking.com idan mutum yana cikin ƙasar, sakamakon hukuncin kotu. Daga gida yana aiki lafiya. Idan ka riga ka shiga kana son ƙarin kwana, ka yi amfani da Hostelworld, ko ka yi magana da mai karɓar baƙi kai tsaye.

Mataki na 3: Daga filin jirgi zuwa ƙofar masauki

Jiragen Turkish Airlines daga Abuja da Legas suna sauka a babban filin jirgin Istanbul, wanda aka buɗe a 2018, mai nisan kimanin kilomita 40 daga tsakiyar gari. Agogon Turkiyya yana gaban namu da awa biyu. Ka canza kuɗi kaɗan kawai a filin jirgi, daidai na mota da abincin yini ɗaya, domin canjin can ba shi da kyau. Shagunan canji masu alamar Döviz a cikin gari, musamman kewayen babbar kasuwa, sun fi ba da farashi mai kyau. Ka riƙe dala ko yuro a hannu, kada ka dogara da katin naira kaɗai. Kuɗin Lira yana saurin faɗuwa, hauhawar farashi ta haura kashi 80 cikin ɗari a 2022, don haka duk farashin da wani ya faɗa maka na bara ka ɗauke shi a matsayin tarihi.

Abu na farko da za ka saya shi ne Istanbulkart, katin da ake zuba wa kuɗi a na'urorin da ke tashoshi, wanda da shi ake hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa da taragon titi da bas da jirgin fito. Layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M11 yana tashi daga filin jirgi zuwa Gayrettepe, inda za ka sauya zuwa M2 mai bi ta Taksim har Yenikapi. Bas-bas ɗin filin jirgi na Havaist kuma suna zuwa Taksim da Aksaray, kuma sun fi sauƙi ga wanda ya gaji. Wanda ya sauka a filin Sabiha Gokcen na ɓangaren Asiya ya hau M4 kai tsaye zuwa Kadikoy. Kafin ka bar intanet ɗin filin jirgi ka sauke taswirar birnin a waya yadda za ta yi aiki ba tare da data ba, ka kuma rubuta adireshin masaukin a takarda. Idan dole ta sa ka hau tasi, ka tabbatar direba ya kunna mita, kuma ka faɗi adadin takardar kuɗin da kake miƙa masa a fili, saboda akwai masu musanya babbar takarda da ƙarama su ce kai ne ka yi kuskure.

Mataki na 4: Awa ta farko a masauki

Za a karɓi fasfonka a rubuta bayananka, doka ce, amma a dawo maka da shi nan take. Yawanci ana ba da gado daga ƙarfe biyu na rana, ana kuma sallamar baƙo wajen sha ɗaya na safe. Idan ka iso da wuri za su ajiye maka jaka. Ka roƙi gadon ƙasa idan akwai, domin mai tashi sallar asuba daga gadon sama sai ya girgiza na ƙasa. Ka ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin katifa da tocila, idan ka ga ɗigon baƙi ko jini ka nemi a sauya maka ɗaki. Sannan ka raba kuɗinka uku: na kashewar yau a aljihu, babban kaso a loka, ɗan na ko-ta-kwana a wani lungu na jaka. Fasfo kuwa ka fita da shi a jakar da ke manne da jiki a ƙarƙashin riga, domin 'yan sanda sukan tsayar da baƙi su nemi takardu, musamman a kewayen Aksaray.

Ba sai ka ɗauko buta ba, domin masai-masan zama na Turkiyya suna da ɗan famfon tsarki a jikinsu, ana buɗe shi ta wani makunni a gefe. Ruwan famfo kuwa mutanen gari ba su cika sha ba. Ka sayi babbar gora a shago ka riƙa ɗurawa a ƙarama.

Mataki na 5: Ladabin ɗakin haɗaka

Zaman ɗakin haɗaka zaman haƙuri ne, kuma mutum yakan yi suna mai kyau ko marar kyau a daren farko. Bayan ƙarfe goma sha ɗaya ba a kunna babbar fitila, ba a amsa waya a cikin ɗaki, ba a sauraron saƙon murya a fili. Wannan na ƙarshe shi ne kuskuren da na fi gani a wurin mutanenmu, saboda mun saba da doguwar gaisuwa da 'yan gida ta WhatsApp. Ka fita falo ka gaisa da kowa son ranka. Idan za ka yi sammako, ka haɗa kayanka tun dare, domin ƙarar leda da asuba tana tayar da ɗaki gaba ɗaya. A kicin ka rubuta sunanka da ranar tafiyarka a kan abin da ka sa a firiji, ka wanke tukunya da zarar ka gama.

Agogon tashi sallar asuba ka sa shi a jijjiga a ƙarƙashin matashi. A watan Yuni alfijir yana ketowa wajen ƙarfe uku da rabi, isha'i kuma sai bayan goma na dare. Mafi sauƙi shi ne ka tafi masallacin unguwa, wanda da wuya ya wuce tafiyar minti biyar, kuma za ka lura ana jinkirta jam'in asuba har gari ya fara haske, bisa mazhabar Hanafiyya da Turkawa suke bi. Idan ba za ka fita ba, ka shimfiɗa sallaya a falo, wanda babu kowa a cikinsa a wannan lokaci. Ban taɓa samun wanda ya hana ni ba, sai ma masu tambaya cikin ladabi daga baya.

Mataki na 6: Yadda ake sabawa da matafiya

Ba a yin abokai daga kan gado da labule a rufe. Ka fito falo ko saman rufi da yamma, lokacin da mutane suke dawowa daga yawo, ka ajiye waya, ka yi sallama. Tambayoyi uku ne suke buɗe kowace hira a irin wannan wuri: daga ina kake, yaushe ka iso, ina ka je yau. Turancinka ko Faransancinka ba sai ya goge ba, domin yawancin waɗanda ke wurin su ma harshen aro suke yi. Za ka haɗu da ɗalibai daga Jamus, da masu yawon shekara guda daga Koriya ko Brazil, da matasa daga Maroko da Indonesiya da Pakistan, kowa da abin da ya sani game da hanyar da kai ba ka bi ba tukuna.

Hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce tukunya. Nakan shiga BİM ko A101 ko Şok, shagunan da suka fi araha, in sayi shinkafa da tumatir da albasa da mai, in yi dafa-duka mai yawa da gangan, in ajiye yaji a tsakiyar tebur in ce bismilla. Wanda ya ɗanɗana yaji sai ya tambayi abin da ke ciki, daga nan hira ta tafi ƙuli-ƙuli da suya da Kano, kuma washegari wani zai yi girkin ƙasarsu ya kira ka. Kunu da safe ma haka yake jawo tambaya.

Za a gayyace ka fita shan giya, wataƙila tun daren farko. Ka ce ba ka sha, a taƙaice, ba tare da wa'azi ko neman afuwa ba, sannan ka kawo taka gayyatar: a hau jirgin fito daga Eminonu a gaɓar tsohon gari zuwa Uskudar a ɓangaren Asiya gab da faɗuwar rana, a sha shayi a gaɓa ana kallon hasumiyoyin masallatai. Kuɗin ba shi da yawa, kuma da wuya a ƙi. Masaukai da yawa suna shirya zagayen gari a ƙafa wanda ake ba jagora abin da ya sawwaƙa a ƙarshe. Ka shiga a ranarka ta farko, domin a nan ake samun abokan yawon sauran kwanaki. Wasu za su tambaye ka labarin rashin tsaro a ƙasarmu, wani lokaci da ƙarancin sani. Ka amsa da gaskiya da natsuwa. Siyasar Turkiyya kuwa ka saurara kawai, domin cin mutuncin shugaban ƙasa ko na Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya, laifi ne a dokarsu.

Sabo ba ya hana taka-tsantsan. Kada ka ranta wa wanda ka sani jiya kuɗi, kada ka bar waya tana caji a falo ka tafi wanka. A waje kuma, musamman a titin Istiklal, idan wani mai fara'a ya tare ka ya ce ku je wani wuri da ya sani ku zauna, ka ba shi haƙuri ka wuce, domin ƙarshenta takardar kuɗi ce mai nauyi da ƙarti a bakin ƙofa. Haka mai goge takalmin da burushinsa ya faɗi a gabanka: da gangan ya yar, don idan ka tsinta masa ya goge maka takalmi ya nemi kuɗi.

Mataki na 7: Ci da yawo da araha

Da safe ka sayi simit, burodi mai siffar zobe da aka barbaɗe da riɗi, ka haɗa da shayi. Da rana ka nemi esnaf lokantası, gidan abincin 'yan kasuwa da ma'aikata, inda ake nuna abinci da yatsa a bayan gilashi: miyar adas, wake da shinkafa, kaza da kayan lambu. Ka guji gidan da mai kira yake tsaye a ƙofa da takardar abinci mai harsuna biyar. Kalmomi kaɗan suna buɗe fuska: merhaba ita ce sannu, sağ ol na gode, ne kadar nawa ne, kolay gelsin kuma daidai take da sannu da aiki. Ana kiran namiji abi, wato yaya, mace kuma abla. Harafin c nasu ana furta shi j, shi ya sa cami, masallaci, ake cewa jami.

Manyan masallatai kyauta ne. Ka je Suleymaniye, wanda Mimar Sinan, babban maginin Daular Usmaniyya, ya kammala a 1557, ka zauna a farfajiyarsa ta baya mai kallon ruwa. Ka hau taragon T5 daga Eminonu zuwa Eyup Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina. Aya Sofya, da aka gina a shekarar 537 aka kuma mayar da ita masallaci a 2020, ana karɓar kuɗi daga masu yawon buɗe ido tun 2024, amma mai zuwa salla a lokacinta yana shiga ta ƙofar masallata. Idan za ka biya kuɗin shiga wuri ɗaya kawai, ka biya na fadar Topkapi saboda ɗakin kayan tarihin Musulunci. A rufe take ranar Talata, babbar kasuwa kuma ranar Lahadi. A cikin taragon T1 mai ratsa tsohon gari ka juyo da jakarka gaba, saboda masu yankan aljihu.

Mataki na 8: Ci gaba da tafiya ko komawa gida

Idan kun shirya da sababbin abokai za ku wuce wani gari, motar dare daga tashar Esenler zuwa Goreme a yankin Kapadokiya tana ɗaukar kimanin awa 11 zuwa 12, ta kuma rage muku kuɗin gado na dare ɗaya. Wajen sayen tikiti ana tambayar jinsi, domin ba a cika zaunar da mace kusa da namijin da ba ta sani ba. Jirgin ƙasa mai sauri yana zuwa Ankara da Konya, amma kujerunsa suna ƙarewa da wuri, sai a saya kwanaki kafin tafiya. Ka ƙirga kwanakin da bizarka ta ba ka tun ranar shiga, kada daɗin zama ya sa ka wuce ko da kwana ɗaya, domin akwai tara, kuma yana iya hana ka biza nan gaba. Ranar komawa ka cire zanin gadonka ka miƙa, ka bar ragowar shinkafa da mai a kan shiryayyen kayan kyauta na kicin, ka karɓi lambobin waɗanda kuka saba, sannan ka bar masauki aƙalla awa biyar kafin tashin jirgi, saboda hanyar tana da tsawo kuma filin jirgin kansa sai an yi doguwar tafiya a cikinsa kafin a kai ƙofar shiga.